Shayin Mata Na Kwanakin Al'ada: Amana Ce A Wuyan Mai Saye Da Mai Sayarwa

 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai wata wadda muka ga bai kamata a sallame ta da layi biyu ba. Ta fito ne daga wani ɗan kasuwa na ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce al'adar maiɗakinsa kwana 6 ce kowane wata, kuma da ciwon mara take zuwa mata. Wani wata sai ta yi jinkiri har kusan mako biyu. Ran nan yana dawowa daga cin kasuwa ya tarad da wani mai magani a tasha yana tallar wani haɗi a ƙulle cikin leda, wai shi shayin mata, mai wanke mara, mai saukar da jinin da ya maƙale. Ya saya ya kai gida. Ta dafa ta sha kwana biyu, jini ya ɓalle, bai ɗauke ba sai da ya kwana 12, duk kwanakin nan kuwa ba ta yi salla ba, har yanzu kuma in ta miƙe tsaye jiri ke ɗibarta. Tambayoyinsa uku ne. Shin shan irin wannan shayi ya halatta? Shin jinin da ya zo haila ne? Sa'an nan, da yake ya ga mata suna neman haɗin ƙwarai, ko ya halatta ya saro shi ya riƙa sayarwa a rumfarsa?

Kafin mu ce kome, muna kira ga wannan bawan Allah da ya kai maiɗakinsa asibiti yau yau ɗin nan, a auna jininta, a kuma duba ko ɓari ta yi. Wannan shi ne farillar da ke gabansa. Sauran bayanin kuwa ya shafe mu duka, domin mafi yawan masu karanta wannan fili magidanta ne, 'yan kasuwa da ma'aikata, da kuɗinsu ake sayen abin da ke shiga tukunyar uwargida, wasunsu ma su ke sayar da shi.

Matsayin Mai Haila A Musulunci

Allah Ya ambaci haila a cikin Suratul Baƙara, aya ta 222, inda Ya hana miji saduwa da matarsa har sai ta yi tsarki. Shari'a ta ɗauke wa mace salla a kwanakin nan ba tare da ramuwa ba, ta kuma ɗage mata azumi zuwa wani lokaci. Wannan rangwame ne daga Mahalicci, wanda Ya san nauyin da ke kanta. Ci da sha da zama tare kuwa suna nan yadda suke. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan sha abin sha tana cikin haila, ta miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. A hanyar Hajjin Ban-kwana, a wurin da ake kira Sarif, ya same ta tana kuka don haila ta zo mata, ya lallashe ta da cewa abu ne da Allah Ya ƙaddara wa 'ya'ya mata na Annabi Adamu baki ɗaya. Ita ce kuma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addini ba.

Magabatanmu na ƙasar nan a kan haka suka tsaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarki da salla. Ɗansa kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Ashe ke nan nema wa mace sauƙin ciwon mara ba abin kunya ba ne, yana cikin kyautata zaman aure. Amsar tambaya ta fari dai ita ce, asalin tsirrai halal ne, shan su don magani halal ne, muddin an san abin da ake sha kuma ba zai cutar ba. A kan waɗannan sharuɗɗa biyu zancenmu zai tsaya.

Daga Hannun Tsohuwa Zuwa Ƙullin Leda

A ƙasar Ruma, kamar sauran ƙasar Hausa, wannan ilmi a hannun tsofaffi da ungozomomi yake. Kayan haɗin sanannu ne: citta da kanumfari da kimba da masoro daga wurin 'yan koli, ɗaɗɗoya da zoɓo daga bayan ɗaki, tsamiya da sabara da marke da kalgo daga bakin dajin Rugu. Tsohuwar da za ta dafa ta san abin da ta jefa cikin tukunya, ta kuma san wadda za ta sha, domin sau da yawa a hannunta aka haife ta. Ba ta miƙa ƙoƙo sai ta tambaya, yaushe rabonki da fashin salla? In ta ji alamar ɓatan wata sai ta janye hannunta.

Shekarun rashin tsaro sun taɓa wannan tsari. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2020 ba, sa'ad da aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Ƙaramar Hukumar Batsari. A shekarun nan ƙauyuka da dama sun watse, iyalai sun koma Batsari da Katsina da wasu garuruwa, shiga daji neman saiwa ko sassaƙe ya zama sayar da rai, 'yan mata da yawa kuma sun yi aure nesa da kakanninsu. Gurbin da tsohuwa ta bari sai mai lasifika a tasha ya cike shi, da mai talla ta wayar hannu. Hausawa kuwa tuni suka yi wa irinsu kirari, magori wasa kanka da kanka.

'Yan kasuwa sun fi mu sanin hanyar kayan. Citta daga Kachia da Kafanchan take fitowa, kuma cutar da ta afka wa gonakinta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Kanumfari da kirfa daga ƙetare ake kawo su, su bi ta kasuwannin Kano irin su Kurmi. Hulba da habbatus-sauda sun yawaita ne ta hanyar shagunan magungunan Musulunci. Duk wanda ya san ciniki ya san cewa idan kaya suka yi tsada, aka kuma niƙe su suka zama gari, to, ƙofar algus ta buɗe. Ƙullin leda bai san mai sha ba, mai sha ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Mahaifa tsoka ce. Idan wata ya zagayo ba a sami ciki ba, shimfiɗar da ta yi a cikinta takan saɓule ta fita tare da jini. A lokacin nan jiki na fitar da wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin, shi ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, in ya yi yawa sai murɗawar ta matse hanyoyin jini, mace ta ji ciwo, galibi a kwana biyu ko uku na farko. Ƙwayoyin asibiti irin su ibuprofen aikinsu rage wannan sinadari ne. Daga nan mai karatu zai gane cewa babu wata dauɗa da ke taruwa a marar lafiyayyar mace wadda sai an wanke ta da magani. Allah Ya halicci mahaifa tana sabunta kanta da kanta.

A cikin kayan shayin nan citta ce aka fi gwadawa. A 2009 masu bincike a ƙasar Iran sun raba ɗalibai mata 150 kashi uku. Kashi ɗaya aka ba su garin citta, miligiram 250 sau huɗu a yini, kwana uku daga farkon al'ada, sauran kashi biyun aka ba su ƙwayoyin asibiti iri biyu. Sauƙin da masu citta suka samu bai gaza na sauran ba. A lura da awon: giram ɗaya ke nan a yini duka, watau kimanin rabin ƙaramin cokalin shayi. A 2016 kuma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta tattara gwaji 27 da aka yi a kan mata 3,101. Ta sami alamar amfani ga citta da hulba da wasu 'yan abubuwa, amma ta ce gwaje-gwajen ƙanana ne, hujjar ba ta da ƙarfi. Saboda haka gaskiyar magana ita ce, kofin citta mai ɗumi, da ɗan kanumfari da zuma, yana iya rage ciwon mara ga mata da yawa, haka nan ɗumama mara da tsumma ko kwalbar ruwan ɗumi. Wanda ya ce haɗinsa yana narkar da ƙari a mahaifa, ko yana buɗe haihuwa, ko yana daidaita kowace irin al'ada, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa.

Sau da yawa akan rubuta aya ko hadisi a jikin kwalin magani. Lalle an ambaci citta a Suratul Insan, aya ta 17, cikin abin shan 'yan Aljanna, kuma hadisin falalar habbatus-sauda yana cikin Buhari da Muslim. Amma ambaton tsiro a nassi ba shi ne shaidar haɗin wane ba. Nassi bai faɗi awon da ya zuba ba, bai kuma lamunce wa sauran abubuwan da ya cakuɗa ba. Mai fakewa da hadisi don ya sayar da abin da bai sani ba, laifinsa biyu ne.

Inda Hatsarin Yake

Hatsari na fari shi ne wanda mai wasiƙarmu ya auka ciki. Matar aure in al'adarta ta yi jinkiri, abin da ya kamata a fara zato shi ne juna biyu. Duk haɗin da ake tallarsa da sunan mai saukar da jini, in ƙarya ne an ci kuɗin mutane, in kuwa gaskiya ne yana iya taɓa cikin da ya fara shiga. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardir ya tabbatar a sharhinsa na Muhtasar, shi ne bai halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko da bai kai kwana 40 ba. Abin gwajin ciki da fitsari kuwa yana nan a kemis da araha, a cikin 'yan mintoci yake ba da amsa. Hulba mai yawa da haɗin da ba a san kansa ba, mai ciki ta nisance su.

Na biyu ƙarancin jini. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. Jini da sinadarin ƙarfe ake gina shi, mace kuma tana asararsa kowane wata. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka gano cewa ganyen shayi yana hana hanji tsotse wannan sinadari daga abinci. Wani bincike na 1999 ya auna ragin: baƙin shayi kashi 79 zuwa 94 cikin 100, na'ana'a kashi 84. Ma'ana, matar da ke kora tuwo da shayi mai kauri a kwanakin al'ada tana zubar da jini ta wata hanya, tana kuma toshe hanyar mayar da shi. Maganin abin mai sauƙi ne: a raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, a yawaita wake da zogale da alayyafo da hanta, a matsa lemun tsami a kai, domin shi yana taimakon tsotsewar. Zoɓo kuma an gwada shi a Amurka a 2010, kofi uku a yini har mako shida, aka ga yana saukar da hawan jini. Alheri ne ga mai hawan jini, amma mai zubar jini da jiri, ko mai shan ƙwayar hawan jini, ta yi hattara da yawansa.

Na uku abubuwan da akan ƙara don mai sha ta ji magani na aiki. Sanamaki mai sa zawo ne, murɗar cikin da yake haddasawa ita wasu ke ɗauka wankin mara. Kanwa kuwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun buga bincike a 1978 a kan masu jego fiye da 200 da suka kamu da ciwon zuciya, suka danganta yawaitarsa da shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Wannan ya ishe mu darasi cewa daɗewar al'ada ba ta wanke ta daga cutarwa.

Hukuncin Jinin Da Magani Ya Kawo

Yanzu sai tambaya ta biyu. A mazhabarmu mafi yawan kwanakin haila 15 ne ga wadda ta fara, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana 15. Wadda ta saba da adadi sananne, in jini ya zarce, sai ta ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimlar ba ta wuce 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, watau istihala: ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi. Asalin wannan rarrabewa hadisin Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ne, wadda Annabi ya bayyana mata cewa jinin da ya ƙi ɗauke mata na jijiya ne, ba ya hana salla.

Malamanmu ba su bar zancen magani ba. Shehu Halilu ya sa sharaɗi a ma'anar haila cewa jinin ya fito da kansa. An tambayi malaminsa, Shehu Abdullahi Manufi, game da matar da ta sha magani ta jawo jini kafin lokacinsa, sai ya ce ba za ta fita idda da shi ba, ya kuma dakata a kan barin salla da azumi, shi kuwa Halilu ya karkata ga cewa kada ta bar su. Amma in lokacin ya yi, ko ya wuce, ta sha magani jinin ya zo, masu sharhi sun ce haila ne. Game da shan abin da zai jinkirta haila, kamar yadda wasu ke yi don Ramadan ko aikin Hajji, an tambayi Imamu Malik ya karhanta, Ibn Rushd ya bayyana cewa dalilinsa tsoron kada ta cutar da jikinta ne. In ta sha jinin bai zo ba, hukuncin mai tsarki gare ta.

Bisa ga wannan, in asibiti ta tabbatar babu ciki, jinin maiɗakin mai wasiƙarmu haila ne, tun da bayan jinkiri ya zo. Kwana 6 na al'adarta da 3 na ƙari sun zama 9. Ranar nan ya kamata ta yi wanka, saboda haka sallolin kwana 3 da suka rage suna kanta, sai ta rama su. In kuwa ya tabbata ɓari ne, hukuncin ya koma babin jinin biƙi, sai su je wa malami da bayanin likita a hannu. Jama'a ku duba yadda ƙullin leda guda ya taɓa salla, zai iya taɓa azumi, da a ce kuma matar tana idda, da ya taɓa aure da nasaba.

Ga Mai Sayarwa

Tambaya ta uku amsarta a fili take. Yana cikin sharuɗɗan ingancin ciniki a san abin da ake sayarwa, Annabi kuma ya hana cinikin garari, watau wanda aka jahilci abin da ke cikinsa. Garin da mai rumfa bai san abin da aka niƙa ba, mai saye ma ba ta sani ba, ya shiga wannan babi. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Wanda ya miƙa ƙulli ya ce sha sau uku, ya riga ya zama mai ba da magani, ko da shi ɗan koli yake kiran kansa.

Shawararmu ga ɗan'uwanmu ita ce ya sayar da citta a matsayin citta, kanumfari a matsayin kanumfari, hulba a matsayin hulba, masu kyau, busassu, marasa fumfuna. Ribar halal ce, ba kuma za ta tashe shi tsakar dare ba. In zai saro haɗaɗɗe, ya nemi wanda aka rubuta kayan da ke ciki da awon sha da sunan mai yi da ranar lalacewa, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ya sani kuma lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta an duba amincinsa, ba ta cewa yana warkar da abin da aka lissafa a jikin kwali ba.

Ga Maigida

Ɗan kasuwa yana da littafin bashi, ma'aikaci yana da fayil, ba wanda ke yarda kwabo ya ɓace masa a lissafi. To, me zai hana a sami kalanda a ɗakin uwargida, ta riƙa sa alamar ranar da jini ya zo da ranar da ta ga tsarki? Da wannan lissafi malami ke ba da fatawa, da shi likita ke gane ciwo. In jini ya wuce mako guda, ko yana jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko yana zuwa da manyan gudaji, ko a tsakanin al'ada biyu, ko bayan mace ta daina al'ada da girma, wannan ya wuce shayi. In kuwa ɓatan wata ya haɗu da ciwo mai tsanani a gefe guda na mara da jiri, kada a jira gari ya waye, domin yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, shi kuwa kisa yake yi. Muna kuma roƙon malamai mata na makarantun Islamiyya a Batsari da Safana da kewaye, su haɗa babin haila da wannan bayani na lafiya, kamar yadda jajis na Nana Asma'u suka riƙa kai ilmi har cikin gidaje.

Maigidan da ya dafa wa matarsa citta da hannunsa ranar da take kwance, ya tambaye ta lafiyarta ba tare da ƙyama ba, ya biya kuɗin mota zuwa asibiti sa'ad da ya kamata, ya yi koyi da wanda ya sha a ƙoƙon Nana A'isha. Allah Ya ba maiɗakin mai wasiƙarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Ruma da sauran ƙasarmu lafiya, Ya tsarkake mana cinikinmu da abincinmu, amin.